AMSTERDAM DAGA CIKIN JIRGIN RUWA: TARIHIN DA KE BAKIN GAƁA

Yau za mu leƙa ƙasar Holan, wadda yawancinmu muka fara jin sunanta a bakin iyayenmu mata wajen cinikin atamfa. A babban birninta, Amsterdam, da wuya baƙo ya koma gida bai shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido ba. Jirage ne gajeru masu rufin gilashi, an yi su haka domin su iya wucewa ta ƙarƙashin gadoji. Tafiyar kamar ta awa guda ce, ana yi ana ba fasinja labarin gidajen da yake gani. To wane ne ya haƙa waɗannan hanyoyin ruwa, kuma da kuɗin wa?

Asalin garin ƙauyen masunta ne a cikin fadama. A wajajen shekarar 1270 mazauna wurin suka datse kogin Amstel, daga wannan madatsa garin ya samo sunansa. Takarda mafi tsufa da ta ambace shi ita ce ta 1275, wadda ta yafe wa mutanensa kuɗin fito. Da yake ƙasar taɓo ce, ba a gini sai an kakkafa dogayen itatuwa har sun taɓo yashi mai ƙarfi a can ƙasa. Ginin da yanzu ya zama fadar sarki a tsakiyar gari yana zaune ne a kan irin waɗannan itatuwa guda 13,659.

Garin ya fara bunƙasa sosai bayan 1585, lokacin da sojojin Sifaniya suka ci birnin Antwerp, attajirai da masu sana'a suka yiwo hijira da dukiyarsu. Daga mutum kimanin 30,000 a 1570, jama'ar garin ta haura 200,000 kafin ƙarshen ƙarni na 17. Wuri ya yi kaɗan. A 1613 hukumar gari ta fara haƙa manyan hanyoyin ruwa guda uku da suka yi wa tsohon gari zobe: Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht. Da shebur da baro aka yi aikin. Ba don ado kawai aka yi su ba: suna janye ruwa daga ƙasa, kuma su ne titin da ake kai kaya har ƙofar ɗan kasuwa. Shi ya sa mai kallo daga jirgi zai ga wani katako mai ƙugiya ya leƙo daga saman kusan kowane gida. Gidajen sirara ne, matakalarsu matsattsiya, don haka da igiya ake jawo kaya sama a shigar ta taga.

Yanzu sai maganar kuɗi. A 1602 aka kafa kamfanin cinikin gabas da ake kira VOC, wanda ya sayar wa jama'a hannun jari, yana kawo masoro da kanumfari da kirfa da gyaɗar ƙamshi daga Asiya. A 1621 shugabansa a can, Jan Pieterszoon Coen, ya kusa ƙarar da mutanen tsibiran Banda, a Indunusiya ta yau, don kamfanin ya mallake cinikin gyaɗar ƙamshi shi kaɗai. A wannan shekarar kuma aka kafa ɗan uwansa na yamma, WIC. Shi ne ya ƙwace gidan yaƙin Elmina, a gaɓar tekun Ghana ta yau, daga hannun Turawan Fotugal a 1637, wurin ya ci gaba da zama matattarar bayi a hannun Holan. Jiragen ƙasar sun tsallakar da 'yan Afirka kimanin 600,000 zuwa nahiyar Amurka. Ita kanta hukumar birnin Amsterdam, daga 1683, tana da kashi ɗaya cikin uku na kamfanin da ke mulkin Suriname, inda bayi ke noman rake.

Wannan tarihi yana nan a jikin gidajen. Idan jirgi ya bi ta Herengracht zai wuce gida mai lamba 502, inda aka ware wa magajin gari. Wanda aka fara gina wa gidan shi ne Paulus Godin, ɗaya daga cikin shugabannin WIC, wanda ya yi arziki da cinikin bayi. An daɗe ana nuna wa baƙi kyan irin waɗannan gidaje ba tare da an faɗi wannan ba. A 2013 wata mata mai tushe a Suriname, Jennifer Tosch, ta fara nata yawon jirgin, tana bin hanyoyin ruwan nan tana ba da labarin baƙar fata da birnin ya ci guminsu. A ranar 1 ga Yuli, 2021, magajiyar gari Femke Halsema ta nemi gafara a madadin hukumar birnin. Firaminista Mark Rutte ya bi sahu a Disambar 2022, sarki Willem-Alexander kuma a 2023, shekara 160 bayan dokar soke bauta ta 1863.

Hanyoyin ruwan ma saura ƙiris su ɓace. A ƙarni na 19 sun koma juji, wari ya addabi mutane, kwalara na kisa, musamman a unguwar talakawa ta Jordaan. Aka cike da yawa aka mayar da su titi. A 1901 aka so a cike Reguliersgracht, sai wani mai zane kuma marubuci, Jan Veth, ya rubuta maƙala mai zafi yana kiran abin da cin zarafin birni. Jama'a suka mara masa baya, aka fasa. A yau a bakin wannan hanya ce direban jirgi ke rage gudu don fasinjoji su hango gadoji bakwai a jere. A 1954 ma shugaban 'yan sandan birnin, Kaasjager, ya kawo shawarar a cike wasu don motoci su samu hanya, mutanen gari suka ƙi. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya zoben hanyoyin ruwan cikin kayan tarihin duniya.

Akwai gida guda a Prinsengracht, mai lamba 263, da kowane jirgi ke nunawa, ba don girma ko ado ba. A bayansa wata yarinya Bayahudiya, Anne Frank, ta ɓuya da iyalinta daga Yulin 1942 zuwa Agustan 1944, lokacin mamayar Jamus, tana rubuta abin da ke faruwa da ita a kullum. Ta rasu a sansanin Bergen-Belsen a 1945 tana da shekara 15. Mahaifinta ya buga rubutun a 1947, kuma har gobe mutane na layi a ƙofar gidan, alhali sunayen yawancin attajiran unguwar sai an tona a takardu.

'Yan uwa, ruwan ɗaya ne, gidajen ma ɗaya ne, amma abin da fasinja zai koma gida da shi ya danganta da wanda ke riƙe da lasifika. Maƙalar Jan Veth ta hana a cike hanyar ruwa, littafin yarinya ya hana a manta da wani gida, jirgin Tosch kuma ya dawo da mutanen da aka tsallake a labari. Idan mun tashi rubuta tarihin wani gari ko wata unguwa, kada mu tsaya a kan wanda ya mallaki gini. Mu tambayi wanda ya haƙa, da wanda ya ɗauko kaya, da inda kuɗin ya fito.