Daga Tebur Zuwa Na'ibi: Tarihin Gwada Wuta Kafin A Sake Ta

Maƙalarmu ta wannan mako ta tarihi ce, kuma daga gida za mu fara.

A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir da aka jingina da shi ya samu matsala. Mai walda a Birnin Kudu da mai injin niƙa a Gwaram ba su taɓa ganin waɗannan layuka ba, amma aikinsu ya tsaya. Wutar da KEDCO ke rabawa a Kano da Katsina da Jigawa daga babban layin ƙasa take zuwa, ana rage ƙarfinta mataki-mataki daga kilobolt 330 har ta kai gidaje.

Tambayar da injiniyoyi suka daɗe suna yi ita ce: idan layi ɗaya ya faɗi, ina wutar za ta bi, kuma sauran layukan za su iya ɗauka? Ba a gwada wannan a kan jama'a. Dole a samu abin da zai tsaya a madadin layin.

Madadin farko na ƙarfe da waya ne. A 1929 jami'ar MIT ta Amurka, tare da kamfanin General Electric, ta haɗa wata na'ura mai cika ɗaki, wadda ke kwaikwayon tashoshi da layuka a ƙanƙance. Injiniya zai cire waya ɗaya, ya duba ma'auni, ya rubuta. A 1956 Ward da Hale suka nuna yadda kwamfuta za ta yi wannan lissafi. A 1967 Tinney da Hart suka fito da hanyar da ta sa lissafin manyan layuka ya yiwu, sai Stott da Alsac suka ƙara masa sauri a 1974.

A daidai wannan zamani Nijeriya ke ɗinke nata layin. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka haɗe hukumomin ECN da NDA suka zama NEPA a 1972, tashar Shiroro ta fara aiki a 1990, aka miƙa kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa a 2013. Cibiyar da ke lura da layin gaba ɗaya tana Osogbo.

Yau lissafin ya ƙara nauyi. Da can wuta hanya ɗaya take bi, daga tasha zuwa gida. Yanzu ga sola a rufin gidaje, ga batura, ga mitoci masu aika bayani. Girgije ɗaya na iya sauya lissafi cikin mintuna, kuma yanayin da ake son gwadawa ya kai dubbai. Kafin cikakken lissafi ya ƙare, aikin gama ya gama.

A nan manhajar da za mu kira na'ibi ta shigo. Ku tuna tsohon dillalin hatsi a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram. Ya auna buhu da tiya sau ba adadi, har ya kai in ya ɗaga buhu zai faɗa maka tiya nawa ke ciki. Haka ake horar da na'ibi: a gudanar da cikakken lissafi sau dubbai, a nuna masa tambayoyin da amsoshinsu, har ya iya kintata amsa cikin ƙiftawar ido. Inda ya nuna haɗari, sai a koma a auna da cikakken lissafi. Kamfanin RTE mai kula da layin Faransa na cikin waɗanda suka yi bincike a wannan fanni.

Amma dillalin da ya saba da gero, in ka miƙa masa buhun riɗi, zai iya kuskure, kuma da ƙarfin gwiwa zai faɗi kuskuren. Na'ibi ma abin da aka nuna masa kaɗai ya sani. In an horar da shi da bayanan birnin da kowane gida ke da mita, ba zai san garin da ake yi wa kuɗin wuta da ƙiyasi ba, inda taransifoma ɗaya ke ɗauke da unguwa guda, ana kawo wuta tsakar dare kowa ya kunna famfo da dutsen guga lokaci ɗaya. Garin da ba a auna ba, ba ya cikin lissafi. Wanda kuwa ba ya cikin lissafi, da wuya a tuna da shi ranar rabo.

Tun 1929 darasin bai sauya ba: madadi ba ya fin bayanin da aka gina shi da shi. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, don haka awon garuruwanmu ya zama maganar gida.

Marubuci ma mai awo ne. Aikin wannan mako: ka samu mai walda, ko tela, ko mai sayar da ƙanƙara a garinku, ka rubuta awa nawa ya samu wuta cikin kwana 7, da abin da ya kashe a man janareta. Ka ajiye mana a ƙarƙashin wannan rubutu. Allah Ya ƙara basira.