Kasuwar ƙananan bindigogi masu rahusa a Amurka

A Amurka, inda tsarin mulki ya tanadi 'yancin mallakar makami tun 1791, kamfanoni na gogayya wajen jan hankalin masu sayen ƙaramar bindiga a karon farko.

Galibinsu dai sun fi son samfurin da ke ɗora sabon harsashi da kansa bayan kowane harbi.

Bindigogin kamfanin Glock na Austriya, waɗanda 'yan sandan Amurka da dama ke riƙewa, sun yi suna wajen ƙarko, amma sabuwa takan kai dala 500.

Taurus na Brazil da Ruger na Amurka suna da masu sauƙin kuɗi. Na Hi-Point kuwa sun fi araha, sai dai suna da nauyi, kuma harsasan da suke ɗauka kaɗan ne.

Kuɗi kaɗai ba ya wadatarwa. Dokar tarayya ta 1968 ta hana dillalai masu lasisi sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma tun 1998 ake tantance mai saye ta rumbun bayanan hukumar FBI.

A 2021 harbin bindiga ya hallaka mutane fiye da 48,000 a ƙasar, fiye da rabinsu kuwa kansu suka kashe.