Mai Karatu a Adabin Kasuwar Kano: Nazari kan Daɗin Littattafan Soyayya daga Shagon Haya zuwa Wayar Hannu

Tsakure

Galibin nazarce-nazarcen da aka yi kan littattafan soyayya na Hausa sun karkata ga marubuci da jigo, da kuma tambayar ko suna ɓata tarbiyya. Wannan maƙala ta waiwayi mai karatu. Ta bi hanyoyin da littafi ke bi ya isa hannunsa, ta duba zubin labarai uku, ta kuma kwatanta da abin da aka gano game da masu karanta irin wannan adabi a Amurka. Matsayarta ita ce daɗin littafin soyayya a ƙasar Hausa abin tarayya ne, kuma wannan tarayya ce ta raya adabin fiye da shekara talatin ba tare da tallafin hukuma ba.

1.0 Gabatarwa

Soyayya ba baƙuwa ba ce a ƙagaggen labarin Hausa. Cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 akwai Jiki Magayi, wanda tushensa saurayi ne da mai kuɗi ya raba da budurwarsa. A 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Amma waɗannan littattafai ne da hukuma ko kamfani ya tace, aka kai su aji.

Abin da ya faru a tsakiyar shekarun 1980 daban ne. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci na Jihar Kano sun samar da ɗimbin matasa da matan aure masu karanta boko. A daidai lokacin tattalin arziki ya karye, kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu: Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya a 1987, sannan ƙungiyar Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya kira wannan yunƙuri Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da na kasuwar Onitsha, muhawara ta ɓarke a jaridu tsakaninsa da masana irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. An yi ta jayayya a kan ingancin rubutu da kuma tarbiyya. Ita kuwa wadda ta cire kuɗi daga cefane ta karɓo littafin, an yi ta magana a kanta, da wuya aka yi magana da ita.

2.0 Yadda littafi ke yawo

Siffar littafin kanta ta nuna irin karatun da aka yi masa tanadi. Ɗan siriri ne, takardarsa mai araha, kuma an yanka labarin kashi-kashi: na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci har na huɗu. Dalilin farko na kuɗi ne, domin marubuci yana jiran cinikin kashi na ɗaya kafin ya biya maɗaba'a kuɗin na biyu. Sai dai dole ta haifi salo. Marubuci ya koyi tsayawa a inda zuciya ta rataya, ran ɗaurin aure ko ran da kishiya za ta tare, mai karatu kuma ya koyi jira. A cikin wannan jira ake hira, ana hasashe, ana raba gari tsakanin masu goyon uwargida da masu goyon amarya.

A zamanin da littafin bugawa ke tashe, daga rumfunan 'yan littattafai na kasuwannin Kano dillalai ke kwasa zuwa Katsina da Sakkwato da Kaduna, har Maraɗi da Damagaram. A unguwa kuwa shagon haya ne cibiya. Ana biyan kuɗi kaɗan a ɗauki littafi na kwana ɗaya ko biyu, yaro ne ɗan aike tsakanin matan kulle da mai shago, kuma kafin a mayar da kwafi ɗaya ya zaga ɗakuna da yawa. Wadda ba ta iya boko ba takan sa 'yarta ko ƙanwar miji ta karanta mata da babbar murya bayan an gama aikin rana. Gidajen rediyo suka faɗaɗa wannan al'ada da shirye-shiryen karanta littafi. Saboda haka duk ƙididdigar da ta tsaya kan yawan kwafin da aka sayar ta bar mafi yawan masu sauraro a waje.

3.0 Ina daɗin yake?

Janice Radway, a littafinta Reading the Romance na 1984, ta zauna da wasu matan aure a wani gari na tsakiyar Amurka. Ta gano cewa ɗaukar littafin kansa wata hanya ce ta keɓe wa kai lokaci daga hidimar miji da 'ya'ya. Akwai kamanci a nan, domin su ma suna da mai sayar da littattafai da suka amince da zaɓinta, kamar yadda ake amincewa da mai shagon haya. Inda aka rabu shi ne tsarin labari. Littafin da Radway ta nazarta yana ƙarewa da zarar masoya biyu sun daidaita. A na Hausa, daidaitawar masoya ita ce mafi sauƙin al'amari. Rikicin yana wajen iyaye da dangi da dukiya, kuma sau da yawa labarin ma bayan aure yake soma zafi.

A In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, Sumayya 'yar masu hali ce ta zaɓi Muhammad talaka, gida kuma ya fi son attajiri Abdulƙadir. Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997 a mujallar Africa, ya danganta irin wannan zubi da finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a sinimomin Kano, inda ake ganin karo tsakanin zaɓin zuciya da umarnin iyaye. Bayaninsa yana da ƙarfi, amma a ganina Indiya ta ba da tufafi ne kawai. Auren dole yana cikin gida tun kafin a kafa majigi.

Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ya fi fito da batun fili. An cire Abu daga makaranta, saurayinta ya guje ta don ba ta da ilimi, aka aurar da ita ga tsoho. Ta gudu, ta koma karatu, ta zama mai tsayawa da ƙafarta. Marubuciyar da kanta an yi mata aure tana ƙarama, kuma ta hanyar karatun manya ta samu boko. Mai karatun da ta bi Abu tana jin daɗi iri biyu a lokaci guda: tana ganin an rama wa wadda aka zalunta, kuma tana ganin haka ne ta hanyar karatun da ake raina wa mace.

Na uku, Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, wanda kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar Aliyu Kamal a 2012, kusan babu soyayyar samartaka a tsakiyarsa. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta ya kora saboda sabuwar amarya, ta riƙe gida da sayar da abinci. Ƙarshensa bai kwantar da hankalin kowa ba, domin dangi sun matsa mata ta koma bayan mijin ya talauce. Irin wannan ƙarshe shi ke jawo gardama a tsakar gida: ya kamata ta koma ko kuwa? Wannan gardama tana cikin daɗin. Littafin yana ba mata damar tattauna saki da haƙƙin ciyarwa da kishi ta bakin Rabi, ba tare da wata ta tona asirin ɗakinta ba. Novian Whitsitt ya nuna cewa Balaraba da Bilkisu Ahmed Funtuwa, marubuciyar Allura Cikin Ruwa, daga cikin koyarwar Musulunci suke kafa hujjar haƙƙin mace. Wannan ya sa mai karatu ba ta jin ta fita daga gida don ta yi wannan tunani.

4.0 Tacewa da sabon zamani

Hukuma ta ɗauki wannan daɗi a matsayin haɗari. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Akwai littattafai marasa kintsi, babu musu, kuma iyaye suna da haƙƙin damuwa. Abin da ke damuna shi ne an yi wa adabin kuɗin goro, aka ƙona abin da ya sa dubban yara mata suka riƙe karatu bayan sun bar aji.

Tsadar takarda da zuwan wayar hannu sun raunana kasuwar littafin bugawa fiye da yadda wuta ta yi. Yanzu labari yana fita shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ana biyan kuɗi a shiga zauren marubuciya, wasu kuma suna sauraron karatun murya a YouTube. Tsohon tsarin bai mutu ba: kashi-kashi ya koma na kullum, hirar tsakar gida ta koma sharhi a ƙarƙashin shafi, har masu karatu sukan matsa wa marubuciya ta sauya makomar jaruma tun labarin bai ƙare ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta soma a 2016 don mata zalla ta samu marubuta a shirye ne saboda wannan fage.

Wayar ta kuma sauya taswirar masu karatu. A garuruwan Jihar Nasarawa irin su Assakio da ke yankin Lafiya, inda Alago da Eggon da sauran al'ummu ke haɗuwa a kasuwa da Hausa, littafin bugawa sai ya bi mota daga arewa kafin ya iso. Shafin waya kuwa yana sauka a Assakio a daidai mintin da ya sauka a Fagge ta Kano. Ga wanda Hausa harshensa ne na biyu, irin wannan labari yana zama malamin rubutacciyar Hausa, da karin maganarta da ladubban zancenta, ta hanyar da makaranta ba ta tanada ba. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, da aka kafa a 2011, ita ce mafi kusa da wannan fage, kuma aikin adana wannan adabi yana da gaggawa: littafin 1990 ana iya samunsa a akwatin wata tsohuwar mai karatu, amma labarin WhatsApp da sharhin da aka yi a ƙarƙashinsa suna ɓacewa ranar da aka rufe zauren ko waya ta lalace.