Majigin Hannu da Ambaliya Ta Bar Mana

Bayan ambaliyar da ta biyo fashewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024, muna kwashe laka a gidanmu na Gwange sai na ci karo da wani abin wasa na roba a ƙasan adakar marigayi Baba. Wato wannan 'yar na'urar da ake kara ido ɗaya a jikinta, a riƙa juya hannu, sai hoto ya fara motsi. Mu dai a gida majigin hannu muke ce mata.

Kamfanin Fisher-Price na Amurka ne ya fito da ita a 1973. Ba ta cin batir, hasken rana ne ke shiga ta wata 'yar taga. A cikin kaset ɗinta akwai zaren fim na gaske, irin Super 8 da Kodak ya ƙirƙiro a 1965, an haɗa bakinsa da ƙarshensa don ya yi ta zagayawa. In ka juya da sauri hoton ya ruga, in ka juya baya kowa ya koma da baya. Da ita na fara gane cewa fim hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri.

Sunan majigi kuwa ya girme ta nesa ba kusa ba. Daga sunan fitilar nuna hotuna ta Turawa Bahaushe ya aro shi. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen finafinan mulkin mallaka ƙarƙashin William Sellers, motocin majigi suka riƙa bin garuruwa suna kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, ana nuna tsafta da noma, tafinta na bayani da lasifika. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aikin daga Kaduna. Iyayenmu da suka zo fatauci daga Kano da Katsina suka zauna a Hausari da wannan kallon suka tashi.

To ina finafinan suke yau? Mai karatu, a nan gizo ke saƙar. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinan birnin a 2018. In fim irin wannan ya kusa salwanta, ina ga na suna da biki da ke cikin adakokinmu?

Zafi da laima su ne abokan gabar fim. In ka buɗe gwangwani ka ji tsami kamar na binega, ya fara ruɓewa ke nan, sai ya ƙanƙance ya riƙa karyewa, kuma ba ya komawa daidai. A ware shi daga sauran, domin tsamin na harbinsu. Kada a ajiye fim ƙarƙashin rufin kwano, a nemi ɗaki mai sanyi maras laima, sama da ƙasa. Wanda ya jiƙe kada a goge shi da tsumma, hoton zai bi tsumman. A kwafe shi zuwa kwamfuta, a aika kwafi ga dangi a wani gari, amma kada a yar da na asali.

Kaset ɗinmu ya tsira, amma hotunan auren Inna sun manne da juna, ba mai ƙara ganinsu. Shi ya sa nake roƙon ku buɗe adakokin nan tun tsofaffin da za su faɗa mana wane ne wane suna raye, ku rubuta suna da shekara a jiki. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kiyaye gaba.