Aikin Kula da Tsofaffi a Gida a Birtaniya: Yadda Ƙofar Ta Buɗe wa 'Yan Najeriya da Yadda Aka Rufe Ta

Aikin kula da mutane a gida sana'a ce ta zuwa gidan tsoho, ko mai naƙasa, ko marar lafiyar da aka sallamo daga asibiti, domin a taimaka masa da abin da ba ya iya yi wa kansa: wanka, sa tufafi, cin abinci, zagayawa bayan gida da shan magani a kan lokaci. Mai wannan aiki ba ma'aikacin jinya ba ne, kuma ba a neman digiri kafin a ɗauke shi. Sauƙin shigarsa ne ya mai da shi hanyar da dubban 'yan Najeriya suka bi zuwa Birtaniya tsakanin 2022 da 2025, cikinsu har da malaman makaranta da ma'aikatan banki da suka ajiye sana'arsu ta farko.

Abin da ya buɗe ƙofar

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta tsayar da shigowar ma'aikatan Turai ba tare da biza ba daga ƙarshen 2020, annobar korona kuma ta ƙara tsananta ƙarancin ma'aikata. A shekarar 2021/22, ƙungiyar Skills for Care ta ƙiyasta cewa guraben aikin kula da manya kusan 165,000 ne babu kowa a kansu a Ingila. Saboda haka, ranar 15 ga Fabrairu, 2022, gwamnati ta sa masu wannan aiki cikin waɗanda za a iya ɗaukowa daga ƙetare a kan bizar ma'aikatan lafiya, da mafi ƙarancin albashin fam 20,480 a shekara.

A gida kuwa, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya sun zaftare albashin ma'aikata. A wannan shekara, Indiya da Najeriya da Zimbabuwe ne kan gaba wajen samun bizar.

Yadda aikin yake

Kafin mutum ya fara, sai ya nuna shaidar iya Turanci, a bincika ko yana da tarihin aikata laifi, sannan ya yi horon farko na Care Certificate, wanda aka ƙaddamar a 2015. Daga nan sai ziyara gida-gida, galibi ta rabin sa'a zuwa sa'a guda, tun da sassafe har dare. Ma'aikata sun daɗe suna kokawa cewa wasu kamfanoni ba sa biyan lokacin da ake ɓatawa a hanya tsakanin gida da gida. Wanda ya bar kujerar ofis zai tarar cewa shekarun da ya yi a tsohuwar sana'arsa ba sa ƙara masa matsayi. Daga matakin farko zai soma.

Inda haɗarin yake

Bizar ɗaure take da kamfanin da ya ba mutum takardar ɗaukar nauyi. Idan aka kore shi, ko aka ƙwace lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 yake da su ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. Wanda zamansa ke hannun ubangidansa haka, da wuya ya kai ƙara idan an danne masa haƙƙi.

Wannan ne ya ba dillalai dama. Dokar Birtaniya ta hana kamfanonin samar da aiki karɓar kuɗi daga mai neman aiki, amma an yi ta sayar da takardun da dubban fam. Wasu sun sayar da fili ko sun ci bashi, suka isa can suka tarar babu aikin. Gwamnatin Birtaniya ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta ƙwace lasisin kamfanoni fiye da 470 a wannan fanni, waɗanda suka ɗauki nauyin ma'aikata sama da 39,000 tun Oktobar 2020.

Yadda aka rufe ta

Daga 11 ga Maris, 2024, an hana sababbin ma'aikata zuwa da iyalansu, aka kuma wajabta wa kamfanonin Ingila rajista da hukumar CQC mai sa ido kan fannin. A Afrilun 2025 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa fam 25,000, aka umarci kamfanoni su fara duba waɗanda suka rasa aiki a cikin ƙasar. A watan Mayu gwamnatin Keir Starmer ta sanar da rufe hanyar, tare da shawarar mai da wa'adin neman zama na dindindin shekara 10 maimakon 5. Ranar 22 ga Yuli, 2025, aka daina karɓar sababbin masu nema daga ƙetare. Waɗanda ke can an ba su damar sabunta biza har zuwa Yulin 2028.

Ma'anar wannan a fili take: duk dillalin da ya nemi kuɗi a Kano ko Abuja da sunan sabuwar bizar wannan aiki, abin da aka riga aka rufe yake tallatawa. Bizar likitoci da ma'aikatan jinya dabam take, da nata sharuɗɗan.

Abin da ya shafi gida

A ƙasar Hausa, kula da tsoho nauyi ne na iyali, kuma mata ne suka fi ɗaukarsa, ba tare da albashi ko horo ba. Najeriya ta yi dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018, cibiyar kuma ta fara aiki a 2021. Sai dai har yanzu yawancin masu jinyar tsofaffi a gidajen birane suna yi ne bisa yarjejeniyar baki, babu takardar aiki, babu tsayayyen albashi. Yayin da 'ya'ya ke watsuwa zuwa birane da ƙasashen waje, buƙatar mai kula da iyaye da kuɗi tana ƙaruwa, kuma alhakin tsara horonsa da albashinsa da kare haƙƙinsa yana wuyan gwamnatin tarayya da na jihohi.