Mai Tambaya da Mai Gona: Tarihin Binciken Zaman Jama'a a Kewayen Birnin Kano

Wanda ya fita birnin Kano ya kama hanyar Katsina, ba zai yi nisa ba sai ya iske Dawanau, a ƙasar Dawakin Tofa. Yau an fi saninta da kasuwar hatsi wadda aka kafa a 1985, amma tun kafin kasuwar ƙasar tana cikin kewayen nan na gonaki masu maƙwabtaka da juna, inda ba a barin saura, ba daji sai gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar shuka. Wannan kewaye ya daɗe yana jan hankalin baƙi masu tambaya. Abin da muke nufi a takardar nan shi ne mu duba yadda kowannensu ya yi tambayarsa, da wanda ya tambaya, domin amsar da mutum ke samu a ƙasar Hausa tana bin irin rigar da ya shigo da ita.

Na farkon da ya kamata a ambata shi ne Barth, Bajamushe, wanda aka sani da Abdulkarimu. Ya taso daga Katsina, ya biyo ta Kusada da Bici, ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Yana jin Hausa, idonsa kuma ba ya wuce abu. Amma matafiyi ne: ya ga gona daga kan doki, bai ga cikin rumbu ba.

Bayan 1903 sai mai tambaya ya zama hukuma. Di'o ya fita rangadi, hakimi da dagatai suna biye, malaman taki suna auna gonaki da sawu, ana rubuta sunan mai gona domin a yanka masa haraji. Takardun da suka bari suna da amfani ƙwarai, ba mu musa ba. Amma fa tilas mai karanta su ya tuna abin da ke zuciyar talakan da aka tsayar gaban dagaci aka ce ya faɗi yawan damman da ya noma. Wa zai faɗi gaskiyar dukiyarsa ga mai yanka masa kuɗi? Wannan tsoro bai ƙare da tafiyar Turawa ba, gama sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Watau duk binciken da za mu ambata nan gaba an yi shi ne a zamanin da littafi da alƙalami a hannun baƙo ke tuna wa manomi haraji.

A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar da rahotonsu a kan ƙasar Ungogo, maƙwabciyar Dawakin Tofa. Hanyarsu hanyar masana labarin ƙasa ce: taswira, da awon gona, da ƙidayar mutane. Iyakar kewayen da Mortimore ya zana ita ce inda yawan jama'a ya wuce mutum 350 a murabba'in mil ɗaya. Aikin ya nuna yadda ƙasa ke ɗaukar wannan taro ba ta gaji ba: jakuna suna kai itace birni, su komo da taki, ana noma gona kowace damina ba hutu. Wannan ya rushe zaton waɗanda ke cewa yawan mutane lalle ya kashe ƙasa.

Sai dai awo yana gaya maka girman gona, ba ya gaya maka yadda ta fita daga hannun wane ta koma hannun wane. A nan ne aikin Polly Hill ya bambanta, kuma a kansa za mu ɗan daɗe. Baturiyar Ingila ce, ta riga ta yi suna da bincikenta a kan manoman koko na Gana. A 1967 ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, littafin ya fito a 1972. Sa'an nan a 1971 da 1972 ta yi aiki a Dorayi, kudu maso yamma da birnin Kano, littafin ya fito a 1977. Ba ta yarda da takardar tambayoyi wadda ake rubutawa a ofis a aika yara su cika ba. Ita dabararta ita ce ta zauna wuri guda, ta san kowane gida da mai shi, ta yi ta maimaita tambaya ɗaya ga mutane dabam dabam har maganganu su yi karo, sa'an nan ta bi inda suka saɓa. Da ta so sanin mai hali da maras hali a Batagarawa, ba ta tambayi kowa dukiyarsa ba. Sai ta sa waɗansu mutanen garin da suka san kowa suka kasa magidanta kashi huɗu bisa ga iyawarsu ta riƙe iyali, musamman a lokacin da abinci ke ƙarewa kafin kaka. Da haka ta gano abin da masu lissafin matsakaici ba su gani: cewa a ƙauye guda akwai mai sayen gona da mai sayarwa, akwai kuma wanda talauci ya hana shi noman gonarsa, don kullum yana ƙodago a ta wani. A Dorayi kuwa ta tarar da manyan gidaje inda magidanta masu yawa ke zaune cikin danga ɗaya, ta kuma gwada halin wurin a 1970 da yadda yake a 1900.

Akwai wata ƙofa kuma da namiji baƙo ba ya wucewa, watau ta zaure. Hill ta nuna a wata maƙala ta 1969 cewa ciniki mai yawa na hatsi da abinci yana gudana a cikin gidaje, a hannun matan kulle, yara suna kai da kawowa. Mai ƙidayar rumfunan kasuwa ba zai taɓa sa wannan a lissafinsa ba. Tun kafin ta, Mary Smith ta shiga ta wannan ƙofa. Sa'ad da mijinta M. G. Smith ke binciken tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau, ita tana zaune da wata tsohuwa a Giwa, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana rubuta labarinta da Hausa. Shi ne littafin Baba ta Karo, wanda ya fito da Ingilishi a 1954, bayan rasuwar Baba a 1951. A ganinmu, abin da ɗalibi zai koya a ciki game da aure da ƙawance da bauta ya fi na rahotanni goma.

Wani abu da ya kamata malamai su riƙa faɗa wa ɗalibai shi ne, ba ɗaya daga cikin baƙin nan da ya yi aikinsa shi kaɗai. Bayan kowane littafi akwai tafinta, da malamin da ya san asalin kowane gida, da mai masaukin da ya tsaya wa baƙo har jama'a suka sake da shi. Sunayensu sukan tsaya a shafin godiya. Haka aka yi tun zamanin Imam Umaru, Bakano, wanda ya rubuta wa Mischlich bayanin zaman Hausawa a Kete Karaci, aka daɗe ana jingina aikin ga Bature.

Yanzu masu binciken 'ya'yan ƙasa ne, harshe ba ya yi musu shamaki. Amma ɗan gari ma yana da nasa makantar, don abin da ya saba gani ba ya tambayar dalilinsa, kuma ana sanin ɗan gidan wane ne shi kafin ya buɗe baki. Dorayi da Hill ta auna gonakinta birni ya cinye ta. Ɗalibin da ya nufi Dawanau yau zai tarar da buhunan riɗi da wake da zoɓo, da dillalai da 'yan dako, da motoci masu zuwa Nijar, da ciniki na bashi wanda ake ƙullawa da baki ba takarda. Dillalin da ya ga baƙo da littafi a bakin sito, abin da zai fara tambayarsa shi ne wa ya aiko shi.