Zaman Sardauna Ahmadu Bello A Gusau Da Abin Da Ya Bar Mana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. A duk lokacin da aka ambaci marigayi Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, hankalin jama'a yakan koma Rabah inda aka haife shi, ko Kaduna inda ya yi mulki. Kaɗan ne daga cikin matasanmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu suka san cewa a ƙasarmu ya yi shekarun da suka horar da shi a kan sha'anin mulki. Wannan shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin nan a mujallarmu ta bana.

An haifi Ahmadu Bello a Rabah cikin shekarar 1910, kuma tsatson Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya fara da karatun allo kamar kowane yaro na zamaninsa, sannan aka sa shi makarantar lardi ta Sakkwato. A 1926 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 domin horar da malamai, kuma a can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya same shi. Da ya gama a 1931 sai ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato, har zuwa 1934 da aka naɗa shi Sarkin Rabah. Ke nan da alli ya fara aiki kafin ya ɗaura rawani.

A 1938 Allah Ya yi wa Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu rasuwa. Ahmadu yana cikin masu neman gadon, amma rabo ya faɗa kan Abubakar na Uku. Sabon Sarkin Musulmi ya naɗa shi Sardauna, aka turo shi Gusau ya kula da gundumomi 14 na gabashin ƙasar Sakkwato, wato yankin da garuruwanmu suke ciki.

Gusau ta lokacin ta riga ta wuce yadda Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa ta. Tun 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa ta zuwa Ƙauran Namoda, garin ya zama cibiyar cinikin gyaɗa da auduga. Kantunan Turawa sun kafu, Kwarori da Yarabawa da Ibo sun cika Sabon Gari. A nan matashin basarake mai shekara 28 ya koyi abin da ba a koyarwa a aji: zama da hakimai waɗanda suka girme shi, sauraren koken manomi da makiyayi, bin diddigin haraji da jangali, da sasanta baƙo da ɗan gari. Shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ma, da matsin da suka jawo wa talakawa, a nan suka riske shi.

A nan kuma ya gamu da jarrabawa mafi tsanani a ƙuruciyarsa. A 1943 aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotu a Sakkwato ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara, aka saurare ta a Zariya, aka wanke shi. Wannan shari'a ta sa sunansa ya bazu a Arewa, musamman tsakanin 'yan boko irinsa. A 1944 aka mayar da shi Sakkwato ya riƙe manyan ayyuka a En'e, a 1948 kuma ya tafi Ingila ya ƙaro ilmi a kan tafiyar da ƙananan hukumomi.

Daga nan tauraronsa ya ci gaba da haskawa. Ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a 1949, ya zama minista a 1952, sannan Firimiyan Jihar Arewa a 1954, yana kuma shugabantar Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC. Ko da jam'iyyarsa ta kafa gwamnatin tarayya, sai ya zaɓi zama a Kaduna, Tafawa Ɓalewa ya riƙe Legas. Tsohon malamin bai manta da aji ba, domin a zamaninsa aka yawaita makarantun horon malamai da na sakandare, aka tura samari karatu ƙasashen waje, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962. Sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Allah Ya jiƙansa da rahama.

To, jama'a, ina muka kwana? Ƙasarmu ba baƙuwar ilmi ba ce, tunda 'Yandoto da ke kusa da Tsafe ta shahara da malamai tun kafin jihadi. Mun sami Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, mun kuma sami Jami'ar Tarayya a Gusau a 2013. Amma mun ga yadda aka rufe makarantu a 2021 bayan sace ɗalibai mata a Jangebe, kuma kowannenmu ya san ƙauyen da azuzuwansa suka zama kufai.

Asali da gata ba su ne kaɗai suka kai Sardauna inda ya kai ba, domin 'ya'yan sarauta suna da yawa a zamaninsa. Karatu ya fid da shi, aiki cikin talakawa ya gyara shi. Saboda haka muna kira ga 'ya'yan wannan ƙungiya, na gida da na nesa, kowa ya ɗauki nauyin karatun yaro ko yarinya guda a mahaifarsa, mu kuma tallafa wa malaman da suka daure suka zauna a karkara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya albarkaci zuriyarmu, amin.